Yaya Za a Ji Girgizar Sararin Samaniya Alhali Leza na Rawa?

Tambaya: Malam, ni ɗan Nguru ne, ina karatun kimiyyar fiziks a Jami'ar Tarayya ta Gashuwa. Malaminmu ya ce hasken lezar da za a auna igiyoyin girabiti da shi a sararin samaniya yana da hayaniyar da ta fi abin da ake nema nesa ba kusa ba. To, ina amfanin awon?

Amsa: Ɗana, malaminku ya yi gaskiya. Babu lezar da launin haskenta ke tsayawa cak. Yana ɗan rawa, kuma a LISA, aikin da zai yi wannan awon a sararin samaniya, rawar ta ninka saƙon girabitin sau miliyoyi.

A doron ƙasa abin da sauƙi. Na'urar LIGO ta Amurka, wadda ta fara jin karon baƙaƙen ramuka biyu ranar 14 ga Satumba, 2015, hannuwa biyu gare ta, kowanne kilomita 4. Haske ya tafi ya dawo lokaci guda, rawar ta kashe kanta.

LISA kuwa, wadda Hukumar Sararin Samaniya ta Turai ta amince da ita a Janairun 2024, da niyyar harbawa wajen 2035, kumbuna uku ce, tsakanin kowane biyu kilomita miliyan 2.5. Haske na cin daƙiƙa takwas da ɗoriya kafin ya ƙetare. Ga shi kumbunan na kewaya rana, tazarar na ƙaruwa tana raguwa duk shekara. Hannuwan, wato tazarar da ke tsakanin kumbunan, ba za su taɓa zama daidai ba.

Dabarar da Massimo Tinto da John Armstrong suka fitar a 1999 ita ce a daina neman daidaita su a sama. Ka san yadda mai rediyo ke ihun an ci ƙwallo kafin mai kallo a waya ya gani? Sharhi ɗaya ne, jinkiri ya bambanta. Idan ka naɗi biyun, ka ja ɗaya baya gwargwadon jinkirin, ka ɗebe shi daga ɗayan, shiru za ka samu. Haka za a yi wa bayanan kumbunan a kwamfuta bayan sun iso ƙasa: rawar leza ta goge, saƙon girabiti ya rage, domin shi ba iri ɗaya yake taɓa kowane hannu ba.

Sharaɗin dai da wuya: sai an san tsawon kowane hannu kusan zuwa mita guda, an kuma daidaita agogon kumbunan uku. A ganina nan ne ɗalibi irinka ke da ƙofa, tunda aikin lissafi ne da rubuta manhaja. Ka riƙe darasin Fourier da kyau.