Darasin Lafiya: Zuciya Da Nauyin Da Take Ɗauka Lokacin Ciki Da Jego

A makarantun Islamiyya mun sha jin hadisin Nu'umanu ɗan Bashir, wanda ya nuna cewa gyaruwar jiki da lalacewarsa suna rataye da tsoka ɗaya, wato zuciya. Malamai sun yi mana bayanin ɓangaren imani. Yau kuma za mu duba ita kanta tsokar: yaya Allah Ya gina ta, kuma me ya sa takan gaji a jikin maijego?

Yadda aka gina ta

Uwargida, dunƙule hannunki. To kusan girman zuciyarki ke nan, nauyinta bai wuce giram 250 zuwa 300 ba. Tana tsakiyar ƙirji, bayan ƙashin gaba, ta ɗan karkata hagu. Ɗakuna huɗu gare ta, biyu sama, biyu ƙasa, da ƙofofi huɗu masu buɗewa gaba kawai, don kada jini ya koma baya. Ƙarar bugun da likita yake saurare a ƙirjinki, rufewar waɗannan ƙofofi ce.

Ɓangaren dama yana karɓar jinin da ya gama zagaya jiki, ya tura shi huhu ya ɗebo iska mai kyau. Ɓangaren hagu ya karɓe shi daga huhu, ya tunkuɗa shi ko'ina, tun daga ƙwaƙwalwa har yatsun ƙafa. Likita Musulmi Ibnun Nafis, wanda ya rasu a Alƙahira a 1288, ya bayyana wannan bi da jini yake yi ta huhu tun ɗaruruwan shekaru kafin Turawa su tabbatar da shi.

Duk wadda ta taɓa leƙa fadamar Argungu da rani ta ga injin ban-ruwa yana jan ruwa yana watsa wa shinkafa. Haka zuciya take, sai dai ita ba a kashe ta a huta. Tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya, wajen sau 100,000 a yini da kwana. Jinin da take turawa ya kai lita 5 a minti, kimanin lita 7,000 kullum, wato cikin durom 35. Subhanallah!

Idan ciki ya shiga

Jinin mai ciki yakan ƙaru da kusan rabin abin da take da shi a da, saboda abin da ke cikinta. Bugun zuciya ma yakan ƙaru. Bayan haihuwa kuma ruwan da ya taru a jiki yakan koma cikin jijiyoyi, zuciya ta yi ta fama kafin komai ya daidaita. Yawancin mata suna wucewa lafiya. Amma a jikin wasu tsokar takan saki, ta kasa tura jini yadda ya kamata, ruwa ya taru a huhu da ƙafafu. Wannan yakan faru ne daga watan ƙarshe na ciki zuwa wata biyar bayan haihuwa.

Yankinmu na cikin wuraren da ciwon ya fi yawa a duniya. Binciken da aka yi a Zariya a shekarun 1970, da wanda aka buga daga Sakkwato a 2007, duk sun samu kusan mace ɗaya cikin kowace haihuwa 100. Likitocin Zariya sun ɗora zargi kan wankan jego, da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta, da kunun kanwa. Amma babban binciken da Farfesa Kamilu Ƙaraye na Kano ya jagoranta a asibitocin Nijeriya, wanda aka buga a 2020, bai samu cewa al'adun su ne tushen ciwon ba. Abin da ya fi fitowa shi ne rama, da talauci, da hawan jini na lokacin ciki. Duk da haka, kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki. Zuciyar da ta riga ta gaji, a ɗura mata kunun kanwa safe da yamma, an ƙara wa jaki kaya ke nan yana ɗingishi.

Alamun da ba a zama da su

1. Haki daga ɗan aiki kaɗan, kamar shara ko zuwa ban-ɗaki.
2. Kasa kwanciya sai an tara matasan kai, ko farkawa cikin dare numfashi na sarƙewa.
3. Tari mai tsananta idan an kwanta.
4. Kumburin ƙafa, ciki ko fuska da ke ƙaruwa bayan haihuwa.
5. Bugun zuciya da sauri ko da kina zaune.

'Yar'uwa, idan kin ga ɗaya daga cikinsu, kada ki bari a ce "ai sanyi ne ya shige ta, a ƙara wuta", ko a ce a jira arba'in. Ki faɗa wa maigida da Inna a ranar. Babban asibitin Argungu da Asibitin Tunawa da Sir Yahaya a Birnin Kebbi ba su fi ƙarfin zuwa ba. Za a auna jini, a saurari ƙirji, idan da bukata a tura ki hoton zuciya. Mata da yawa suna warkewa idan an fara magani da wuri kuma ba a yanke shi ba. Jinkiri shi ne yake barin jariri a hannun kaka.

Abin da za ki riƙe

Ki je awo tun cikin yana ƙarami, ki tambayi lambar awon jininki. Idan ta kai 140 bisa 90, akwai magana. Ki rage gishiri da kanwa da dunƙulen miya. Ki ci wake, kifi, ƙwai da ganye, alhamdu lillahi kifi bai yi mana wuya ba a ƙasar Kabi. Wadda ta taɓa yin ciwon kuwa, ita da maigida su ga likita kafin wani cikin, domin zuciyar da ba ta gama farfaɗowa ba tana iya sake faɗuwa.

Mu kuma iyaye da surukai, mu ne kusa da maijego cikin dare. Mu saurari numfashinta kamar yadda muke sauraren kukan jariri. Jiki amana ne, neman magani kuma bai saɓa wa tawakkali ba. Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.