Jijiyar wuya da mai ciwon sukari

Mai karatu, ajiye littafin nan tukuna. Ɗora yatsu biyu a gefen maƙogwaronka, ƙarƙashin muƙamuƙi. Taɓa a hankali, kada ka danna, kuma gefe ɗaya kawai. Ka ji wani abu yana bugawa, dal, dal, dal? To, wannan babbar jijiyar jini ce. Akwai ɗaya a dama, akwai ɗaya a hagu. Likitoci suna ce musu karotid. Su ne suke ɗaukar mafi yawan jinin da ke tashi daga zuciya ya hau zuwa ƙwaƙwalwa.

Mu Hausawa kome jijiya muke ce masa. Ta nama jijiya ce, ta agara ma jijiya ce. Wadda muke magana a kanta yau, ita rami gare ta a ciki kamar tiyo. Kaurinta bai wuce na fensir ba.

Yadda hanya take cushewa

In ka taɓa zuwa gonakin noman rani na Jiratawa, ka ga yadda ruwa yake bin ƴan magudanai har ya isa kowane fangali. Manomin can ya san abin da yashi da laka suke yi. Suna kwanciya kaɗan-kaɗan a cikin magudana. Bana ruwa yana wucewa, baɗi ma yana wucewa, sai dai ya ragu. Ran da wani curin laka ya ɓalle ya tare baki, fangalin da ke gaba ba zai sha ba. In an daɗe ba a buɗe ba, shuka ta bushe.

Haka jijiyar wuya take. Kitse ne yake manne wa bangonta ta ciki, shekara da shekaru, har ya yi tauri. Hanyar jini ta matse. Amma babban hatsarin ba matsewar kaɗai ba ce. Wata rana wurin yana iya tsagewa, jini ya daskare a kansa, ɗan gudan jini ya ɓalle ya bi hanya ya hau sama. Can cikin ƙwaƙwalwa jijiyoyin ƙanana ne ƙwarai. Sai ya toshe ɗaya. Sashen ƙwaƙwalwar da wannan jijiya take shayarwa ya fara mutuwa cikin ƴan mintoci. Shi ne ake ce wa shanyewar ɓarin jiki. A asibiti za ka ji ana cewa AVC.

Ga wani abin mamaki. Ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ke tafiyar da hannun dama da ƙafar dama. Na dama shi ke tafiyar da na hagu. Saboda haka in jijiyar hagu ce ta lalace, hannun dama ne yake mutuwa, kuma sau da yawa magana takan ɗauke tare da shi.

Mene ne ruwan ciwon sukari a ciki?

Ruwansa babba ne. Sukarin da ya yi yawa a jini yana cin bangon jijiya a hankali, ya sa shi kaushi. Bango mai kaushi shi kitse yake kamawa. Jinin mai ciwon sukari kuma ya fi saurin daskarewa. Shi ya sa hatsarin shanyewar ɓarin jiki a wurinsa ya kusa ninka na wanda ba shi da ciwon, kuma yakan zo masa tun bai tsufa ba.

Ciwon sukari ba ya cika tafiya shi kaɗai. Abokin tafiyarsa hawan jini ne, wanda ake ce wa tansiyo. An yi wani babban bincike mai suna SIREN a asibitocin Najeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, aka fitar da sakamakonsa a 2018. An duba mutum fiye da 2000 da ɓarin jikinsu ya shanye. Abin da ya fi kome jawo cutar shi ne hawan jini. Ciwon sukari da yawan kitse a jini suna cikin manyan da ke biye. In ka haɗa su da shan taba, to ka tara wa jijiyarka abokan gaba huɗu.

Kuma duk wannan ba ya zafi. Wuya ba ya ciwo, ba ya kumburi. Mutum yana kasuwarsa Litinin da Juma'a, yana cin tuwonsa, bai san hanya ta kusa rufewa ba.

Ɗan saƙon da ke zuwa ya koma

Nan ne nake so ka karanta sau biyu.

A ce wani magidanci ne a Tibiri, mai shekara 55. Ya shekara 8 da ciwon sukari. Da hantsi yana zaune yana shan fura, sai ludayi ya suɓuce daga hannunsa na dama. Ya so ya ɗauka, hannun ya ƙi. Ya buɗe baki zai kira uwargida, magana ta fito a karkace kamar ta mai maye. Bayan minti 10 kome ya koma daidai. Ya ɗauki ludayinsa ya ƙarasa furarsa. Uwargida ta ce, "Malam, ko dai a tafi asibiti?" Ya ce, "Haba, gajiya ce. Ga shi ya wuce."

Bai wuce ba. Ɗan gudan jini ne ya toshe hanya, sannan ya narke. Inda ya fito akwai saura. Hatsarin babbar shanyewa ya fi yawa a kwana biyu na farko bayan irin wannan, da kuma satin da ke biye. Wanda ya je asibiti ran nan aka ɗora shi a kan magani, hatsarin yana raguwa ƙwarai. Wanda ya ce sai bayan girbi, yana iya wayan gari ba ya iya ɗaga ƙafa.

Saƙon yana zuwa ta ido ma. Ido ɗaya ya yi duhu farat ɗaya, kamar an sako labule daga sama, bayan ƴan mintoci labulen ya yaye. Shi idon, na gefen da jijiyar ta lalace ne. Mutane da yawa sukan ce hawan sukari ne, ko rana ce ta yi yawa. Ido ɗaya da ya ɗauke ya dawo, maganar asibiti ce a ranar.

Wani kuma bakinsa ne yake karkacewa. Wani ƙafa ce take ja. Wani yana jin ana magana amma ba ya gane abin da ake faɗa. Abin da ya haɗa su duka shi ne, farat ɗaya suke zuwa, kuma yawanci gefe ɗaya suke kamawa.

In abin ya faru a gabanka

Ka ce masa ya yi murmushi, ka duba ko gefe ɗaya na baki ya faɗi. Ka ce ya ɗaga hannu biyu, ka duba ko ɗaya yana sauka. Ka ce ya faɗi sunansa da na garinsu. Ko ɗaya daga ciki ya kasa, a nemi mota ko adaidaita yanzu-yanzu.

Kai da ka iya rubutu, ga aikinka. Duba agogo ko salula, ka rubuta lokacin da abin ya fara: ƙarfe kaza da minti kaza. Likita zai tambaya. Akwai allurar da ke narkar da gudan jini, amma ba a yin ta in an wuce awa 4 da rabi, kuma ba kowane asibiti ke da ita ba. Ko inda babu ita, isa da wuri yana da amfani. Za a auna sukari da jini, a kula da numfashi da haɗiya.

Kada a ɗura masa ruwa, ko kunu, ko rubutu. Maƙogwaronsa yana iya mutuwa tare da hannun, abin da aka ɗura ya wuce huhu. Kada a ba shi asfirin a gida. Shanyewar ɓarin jiki iri biyu ce. Akwai ta toshewa, akwai ta fashewar jijiya a cikin kai. A binciken nan na Najeriya da Gana, wajen mutum 1 cikin 3 fashewa ce. Asfirin yana ƙara wa mai fashewa zubar jini. Ido ba ya rarrabe su, sai hoton kai da ake ɗauka da sikana. Kada kuma a murza masa wuya, kada a yi masa ƙaho a wurin.

Na san abin da ake faɗa a unguwa. A ce iska ce ta buge shi, ko an yi masa jifa. Addu'a ba ta hana tafiya, a yi ta cikin mota. Daga Tibiri zuwa Maraɗi bai kai kilomita 20 ba, daga Jiratawa ma haka. A Maraɗi akwai babban asibitin jiha, akwai kuma Asibitin Referans. In ƙaramin asibitin garinku ya fi kusa, ku bi ta can su auna sukari su rubuta muku takardar wucewa, kada ku kwana.

Akwai abu ɗaya da ke rikita mutane game da mai ciwon sukari. In ya sha maganinsa ko ya yi allurar insulin bai ci abinci ba, sukarinsa yana iya faɗuwa. Sai ya yi zufa, jiki ya yi rawa, magana ta rikice. Wani har gefe ɗaya yakan mutu masa. In akwai ɗan injin awo a gida, a auna. In ya nuna ƙasa da 0,70 (wani injin 70 yake rubutawa), kuma mutumin yana farke yana iya haɗiya, a ba shi sukari ƙwaya 3. Amma ko ya warware, in baki ya karkace ko hannu ya mutu, a kai shi a duba.

Abin da likita zai yi

Yana iya ɗora abin sauraronsa a wuyanka. Jijiyar da ta matse wani lokaci takan yi ƙara kamar iska na bin kafar ƙofa. Amma awon gaskiya shi ne eko, irin wanda ake yi wa mata masu ciki. A wuya ake ɗora shi. Ba allura, ba yanka, ba zafi. Shi zai nuna ko hanyar ta matse kashi 30 cikin 100, ko 50, ko 80.

Mafi yawan mutane magani ne za a rubuta musu. Ƙaramin asfirin ko ɗan'uwansa, don kada jini ya daskare. Maganin rage kitsen jini, irin su atorbastatin. Maganin hawan jini. Da na sukari. Wannan ba maganin zazzaɓi ba ne da za ka sha kwana 3 ka ajiye. Kullum ne. Ran da ka ji garau, maganin ne yake aikinsa. Ko azumi ya zo, kada ka daina da kanka. Je ka a gyara maka lokacin sha. Kuma ka saya a farmasi. Wanda ake yawo da shi a tire cikin rana, ba ka san abin da ke ciki ba.

Wanda jijiyarsa ta matse ƙwarai, kuma saƙon nan ya riga ya zo masa, ana iya yi masa fiɗa. Likita ya tsaga jijiyar, ya kankare kitsen, ya ɗinke. Kamar yashe magudana ne. An fara wannan aiki a Amurka da Ingila cikin 1953 da 1954. A 1991 wani bincike da aka yi a Amurka da Kanada ya nuna amfaninsa ga masu matsewar kashi 70 zuwa 99. Cikin mutum 100 da suka sha magani kawai, 26 sun samu shanyewa cikin shekara 2. Cikin 100 da aka yi wa fiɗa, 9 ne. Maganin yau ya fi na wancan lokaci ƙarfi, amma har yanzu ana yin fiɗar, kuma ta fi amfani in an yi ta cikin sati 2 bayan saƙon. Wata dabarar ita ce a zura ƴar ragar ƙarfe ta cikin jijiya, a buɗe ta a wurin da ya matse, ta tokare bango.

Kada in ɓoye maka. Fiɗar tana da nata hatsari, don ita ma tana iya tayar da gudan jini. Sai inda akwai ƙwararren likitan jijiyoyin jini ake yin ta, kuma tana cin kuɗi. Ga talaka, abin da ya fi sauƙi shi ne kada hanyar ta kai ga haka.

Abin da ke hannunka

Awon jini ba ya ɗaukar minti 5. Lambar da ake so kada ta kai 14 da 9. Ga mai ciwon sukari likita yana iya neman ƙasa da haka. Sukari kuwa, in an auna da safe ba ka ci kome ba ya kai 1,26 har sau biyu, ciwon ya tabbata.

Gishiri da dunƙulen miya na kanti, a rage. Ba uwargida kaɗai ke da wannan aiki ba. Maigidan da ke cewa miya ta yi lami shi ke sa a ƙara. Shayin fada, na fari da na biyu da na uku, kowane kofi da sukarinsa. Lissafa ƙwaya nawa kake sha a wuni, za ka yi mamaki. Taba kuwa babu wani ma'auninta da ya dace, sai bari. Tafiyar ƙasa ta rabin awa kullum tana taimako.

Binciken SIREN ya nuna masu cin ganye kullum sun fi tsira. Mu kuwa ganye bai yi mana nisa ba. Ga zogalan Jiratawa, ga rama, ga yakuwa, ga tafasa da damina. Ka ci kwaɗonka, a rage gishiri. Sai dai kada wani ya ruɗe ka cewa zogala ta maye gurbin ƙwayar likita. Abinci ce mai kyau, ba ta kankare kitsen da ya riga ya yi tauri a jijiya.

Yau in ka koma gida, ɗauki karnenka na asibiti ko wani ɗan kaye. A shafin farko rubuta sunayen magungunanka da lokacin shan kowane. A shafi na biyu ja layi uku: ranar awo, lambar jini, lambar sukari. A bangon baya rubuta lambar wayar mai motar da ya fi kusa da gidanku. Sannan ka karanta wa mutanen gida alamun nan uku, baki da hannu da magana, ka nuna musu inda kake ajiye kayen.