Darasi na Tara: Wayar Kwaikwayo da Gwajin Ma'aunan Motsi da Wuri

1.0 Gabatarwa

Ɗaya daga cikin nauyin da ke kan malamin Hausa shi ne bayyana sababbin abubuwan fasaha da harshen da ɗalibai za su fahimta. Wannan darasi ya ɗauki misali daga wayar salula, wato yadda masu ƙirƙirar manhaja ke gwada aikinsu a kan wayar kwaikwayo.

2.0 Ma'aunan da ke Cikin Waya

Ma'auni wata 'yar na'ura ce da ke sanar da waya halin da take ciki. Muhimmai daga cikinsu huɗu ne:

(a) Ma'aunin hanzari: yana gane motsi da karkata. Ko waya tana ajiye, yana nuna jan ƙasa na kimanin mita 9.8 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa.
(b) Ma'aunin juyi: yana auna saurin juyawar waya.
(c) Ma'aunin maganaɗisu: shi ke nuna arewa.
(d) GPS: yana gano wuri ta hanyar saƙon taurarin ɗan'adam aƙalla huɗu.

3.0 Wayar Kwaikwayo

Wayar kwaikwayo siffar waya ce da ke aiki a cikin kwamfuta. Akwai irinta a Android Studio, wanda kamfanin Google ya fitar da cikakkiyar sigarsa ta farko a 2014. Tun da ba ta da jikin da za a girgiza, mai gwaji ne ke ba ta alƙaluma: ya karkata hotonta a fuskar kwamfuta, ko ya shigar da lambobin wuri, sai manhaja ta ɗauka cewa da gaske wayar ta motsa.

A ɗauki misalin mai shirya manhajar bibiyar tankokin mai daga defo na NNPC da ke Hotoro zuwa masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa. Ba sai ya bi kowace tanka ba. Zai tsara hanyar a taswira, ya sa wayar kwaikwayo ta bi ta, ya ga ko manhajar za ta gane inda mota ta tsaya ko ta kauce hanya. Haka nan mai manhajar alƙibla zai sanya lambobin Kano, wato kimanin digiri 12 arewa da 8.5 gabas, ya duba ko kibiya ta nuna kusan digiri 68 daga arewa zuwa gabas.

4.0 Iyakar Wannan Gwaji

Alƙaluman wayar kwaikwayo tsaf suke, alhali titi ba haka yake ba. Ƙarafa da manyan injunan masana'anta kan rikita ma'aunin maganaɗisu, rufin kwano kan raunana saƙon GPS, ramukan hanya kuma kan cika ma'aunin hanzari da girgiza. Manhajar da ba a fita da ita waje ba tana iya ɗora wa direba laifin kauce hanyar da bai kauce ba. Saboda haka gwajin ƙarshe sai da waya ta haƙiƙa, domin gani ya kori ji.

5.0 Auna Fahimta

1. Bayyana bambancin ma'aunin hanzari da ma'aunin juyi.
2. Me ya sa gwajin wayar kwaikwayo kaɗai bai wadatar ba?
3. Tsara yadda za a koyar da kalmomin nan huɗu ga 'yan ƙaramar sakandare.