Shugabancin Karɓa-Karɓa a Ƙungiyar ECOWAS

Manufar wannan taƙaitaccen nazari ita ce nuna yadda shugabancin karɓa-karɓa kan bai wa ƙasa guda damar juya akalar ƙungiyar ƙasashe. An kafa ECOWAS a Legas a 1975, kuma shugabannin ƙasashenta kan riƙe kujerar bi da bi, galibi shekara guda-guda. Mai kujerar ba ya yanke hukunci shi kaɗai, amma shi ke kiran taro, shi kuma ke gabatar da batun da za a fara dubawa.

Alal misali, a Yulin 2023 kujerar ta faɗo hannun Bola Tinubu na Nijeriya. Da sojoji suka hamɓarar da Mohamed Bazoum a Nijar, sai ya kira taron gaggawa a Abuja, aka ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka. Manoman Bichi da Ɗambatta, waɗanda gerensu da dawarsu kan bi ta kasuwar Dawanau zuwa Maraɗi, sun ji a jikinsu har aka buɗe iyakar a Maris na 2024.

A Yunin 2025 kujerar ta koma Saliyo, alhali Nijar ta riga ta fice tun Janairu. Ashe wa'adin mai kujera gajere ne, amma sakamakon abin da ya gabatar kan daɗe bayansa.