Yadda Iska Take Tona Asirin Hadari

Duk wanda ya tashi a karkarar Ɗambatta ko Bichi ya san ɓarnar hadarin farkon damina. Sai a ga gari garau da hantsi, kafin la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin. A bara irin wannan iska ta yaye kwanon ɗakin kakata, ta watsar da garin da innata ta shanya. Wannan shi ya sa na tambayi malaminmu na kimiyya ko akwai hanyar sanin zuwan hadari da wuri.

Malam ya sa cokali cikin kofin gilashi mai ruwa, sai muka ga kamar ya karye. Ya ce haske ne yake lanƙwasa idan ya fito daga ruwa ya shiga iska. Haka kuma kawalwalniya take samuwa a kan kwalta da tsakar rana. Saƙon rediyo ma yana lanƙwasa, gudunsa kuma yana raguwa, gwargwadon zafi da nauyi da laimar iskar da ya ratsa.

To, a nan dabarar take. Hadari ba ya haɗuwa sai laima ta taru, wato wadda iskar kudu maso yamma take kawowa daga tekun Atlantika. Idan laima ta ƙaru, saƙon da tauraron ɗan Adam na GPS yake aikowa yakan ɗan makara kafin ya iso ƙasa. Masana suna auna wannan jinkiri, su san yawan laimar da ke sama tun gajimare bai haɗu ba. Sai su haɗa da sauran awo, su yi gargaɗi.

Abin ba wasa ba ne. Ran 24 ga Yuni, 1956, wani jirgin saman BOAC ya faɗi jim kaɗan da tashinsa daga Kano saboda iskar hadari, mutum 32 suka rasu. A yau hukumar NiMet, wadda aka kafa a 2003, ita ke sanar da mu yanayi.

Iyayenmu ma ba a bar su a baya ba. Idan zufa ta yi yawa, iska ta tsaya cik, sai ka ji Baba ya ce a shigo da awaki. Laimar nan ce jikinsa ya auna. Saboda haka 'yan'uwana ɗalibai, idan mun je hutu mu riƙa sauraron labarin yanayi a rediyo, mu sanar da na gida. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Allah Ya ba mu damina mai albarka, amin.