Ciwon Ƙugu Ga Mai Juna Biyu: Shin Jan Baya Da Na'ura Magani Ne?

A sashen gashin ƙashi akwai wata hanyar magani da ake kira jan baya. Ana kwantar da majiyyaci a kan wani gado na musamman, a ɗaura masa ɗamara ɗaya a ƙugu, ɗaya a ƙirji, sannan na'ura ta riƙa ja a hankali na wasu mintoci. Manufar ita ce a ɗan buɗa tsakanin ƙasusuwan gadon baya, ko jijiyar da ta danne ta samu sarari.

Maganar tana da daɗin ji, amma bincike bai goyi bayanta ba. A shekarar 2013 ƙungiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwaje 32 a kan wannan hanya, ta gano amfaninta kaɗan ne ko ma babu. A 2016 hukumar NICE ta Ingila ta shawarci likitoci su daina yi wa masu ciwon ƙugu.

Ga mai ciki kuwa ba a yin sa sam. Ɗamarar tana matse mara, kuma a wannan lokaci jiki da kansa yana sassauta jijiyoyin da ke riƙe gaɓoɓin ƙugu don shirin haihuwa. Abin da ya riga ya saki ba ja yake buƙata ba. Haka nan kada a bar mai ɗori ko wani a gida ya ja ta ko ya taka mata baya, komai kyawun niyyarsa.

To me za ki yi? Ki kwanta ta gefe da matashi tsakanin gwiwoyi. In za ki ɗauki abu, ki tsuguna, kada ki duƙa. Ki sauya guntuwar tsintsiya da doguwa. Daka da ɗaukar jarkar ruwa kuwa, maigida da 'yan gida su ɗauke mata. Tafiya kaɗan kullum da gashi da tsumma mai ɗumi suna taimakawa. Farasitamol ba laifi bisa ƙa'ida, amma ki guji ibuprofen da diclofenac na kemis, musamman daga mako na 20.

Ki garzaya Babban Asibitin Tsafe, kada ki jira ranar awo, idan ciwon yana zuwa yana lafawa kafin mako na 37, ko ya zo da zazzaɓi da zafin fitsari, ko zubar jini ko ruwa, ko ƙafafu suka mutu, ko kika kasa riƙe fitsari. Idan abin ya fi ƙarfin nan, za a tura ki Gusau.