Lambun Makaranta da na Unguwa a Mizanin Shari'a

Darasin wannan mako a kan lambu ne, musamman na makaranta da wanda mutanen unguwa suke nomawa tare.

Malaman fiƙihu sun sanya noma a cikin farillan kifaya, watau idan wasu suka tsaya da shi har ya wadatar, nauyi ya sauka daga kan saura, idan kuwa kowa ya yi watsi da shi, laifi ya hau kan kowa. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Anas ɗan Malik cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya yi bushara da ladan sadaka ga Musulmin da ya yi shuka, har mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga gare ta.

Ƙasashen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, a kudancin Jihar Katsina, sun shahara da noman masara da dawa da auduga. A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, aka umurci makarantu da ma'aikata su yi noma a filayen da suke kusa da su. Daga baya aka yi sakaci da gonakin makarantu da yawa. Sa'an nan fitinar 'yan bindiga ta zo ta raba manoma da gonakinsu na nesa, har a watan Disamba na 1442 Hijiriyya, watau 2020, aka sace ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandare ta kimiyya da ke Ƙanƙara. Duk lokacin da hanyar daji ta rufe, to kangon da ke cikin gari da bayan ajin makaranta sun zama abin dogaro, farillar kuwa ba ta faɗi ba.

Akwai hukunce-hukunce guda huɗu da ya kamata masu wannan aiki su sani.

Na farko shi ne fili. Mai kango yana iya ba da aronsa, ko ya mayar da shi wakafi, kamar yadda Sayyidina Umar ya yi da gonarsa ta Haibara: ba a sayar da asalin, ba a gādonsa, amfanin ne ake rabawa. Ya kamata a rubuta a gaban shaidu don gudun rigimar magada.

Na biyu, ruwa. Zogale da alayyafo da kuɓewa da tumatir da albasa suna bukatar ban-ruwa da rani. Wanda ya gina rijiya don jama'a ya bi sawun Sayyidina Usman, wanda ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa Musulmi. Amma shan mutane da dabbobi shi ne a gaba da ban-ruwan fangali.

Na uku, zakka. A mazhabar Imamu Malik babu zakka a kan kayan lambu. Tana kan hatsi ne idan ya kai wusƙi 5: ushiri idan ruwan sama ya shayar, rabin ushiri idan da wahalar ban-ruwa ne. Rashin zakka kuwa bai kawar da haƙƙin maƙwabci da maraya da ɗan gudun hijira ba.

Na huɗu, amana. Abin da yara suka noma a lambun makaranta, ko na boko ko na allo, dukiyar makaranta ce. Bai halatta ga malami ya kwashe zuwa gidansa ba, ko ya tura almajirai gonarsa da sunan darasi. A ciyar da yaran, a sayar da saura a sayi iri da alli, a rubuta lissafi a gaban iyaye.

Saboda haka ya dace limamai da masu unguwanni da shugabannin makarantu su zauna tun kafin kaka ta wuce, su duba filin da yake zaune banza, su kewaye shi da darni, su tara takin gida. Yaron da ya koyi yin fangali da dashe ya sami sana'ar da za ta tsare shi daga roƙo.

Allah Ya kawo zaman lafiya, Ya sanya albarka a cikin shuka, amin.